Dage, Maƙiyin Amya

Zumar da mu ke saye a kasuwar Katsina daga ƙauyuka a ke kawo ta, inda manoma su ke ɗora amya bisa itatuwa. To, mai amya yana da wani maƙiyi a daji wanda ya kamata mu san halinsa, watau dage.

Dage gajere ne, tsayinsa daga ƙasa bai cika ƙafa 1 ba. Nauyin babban namiji ya kan kai kilo 16. Bayansa fari-fari ne tun daga ka har gindin wutsiya, cikinsa da ƙafafunsa kuwa baƙi ƙirin. Fatarsa tana da kauri, kuma sako-sako ta ke, har in kare ya kama shi a wuya sai ya juya a cikinta ya rama cizo. Yana da dogayen farata na haƙa rami.

Ana samunsa a yawancin ƙasashen Afirka, da ƙasar Larabawa, har Indiya. Can gabas kuma, wajen Sin da Tailan, akwai wani danginsa mai hanci irin na alade, wanda ke tonon tsutsa da saiwoyi.

Inda mutane su ke da yawa, dage da dare ya ke fita. Ya kan fasa amya ya sha zuma, ya cinye 'ya'yan da ke cikin saƙa. In ya sami akurki mara ƙarfi, sai ya haƙa ta ƙasa ya shiga.

Amma kada mu yi saurin sa masa guba ko tarko. Shi ne mai cin ɓeraye da kunamu da macizai, har masu dafi. Ga shi kuwa ba ya haihuwa da yawa: ɗa guda macen ta kan haifa, ta yi fiye da shekara tana renonsa. In aka kashe kaɗan, sai su ƙare a wurin, ɓeraye su sami sake.

Dabara ta fi. Mu rataye amya da waya a reshe, yadda masu zuma na Kenya su ke yi, ko mu naɗe gindin itacen da kwano mai santsi don ya kasa hawa. Akurki kuma mu daɓe ƙasansa, mu toshe ƙofar da magariba.

Tambayoyi
1. Me dage ya ke ci?
2. Don me ba za mu kashe shi ba?
3. Ƙaƙa za mu tsare amya?