Babur Mai Caji: Daga Ƙanƙarar Kanada Zuwa Hanyar Makarfi

A Kanada da arewacin Amurka, inda dusar ƙanƙara kan rufe hanyoyi tsawon watanni, akwai wani babur da ba shi da taya. Gabansa na zamewa ne a kan dogayen faifai biyu, wani bel mai haƙora kuma na tura shi ta baya. Ƙararsa da hayaƙinsa sun sa hukumar gandun dajin Yellowstone na Amurka ta ƙayyade adadin waɗanda ke shiga. A 2015 wasu matasa da suka yi karatu a Jami'ar McGill suka kafa kamfanin Taiga a Montreal, a 2022 kuma suka fara miƙa wa masu saye irin wannan babur mai aiki da batir.

Mu a Ikara, Makarfi da Kudan ba mu da dusar ƙanƙara, amma babur ne ƙafarmu. Shi ke kai ɗalibi makaranta, ya kai mai naƙuda asibiti, ya ɗauko kwandon tumatir daga fadama zuwa bakin titi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ɗan acaba ya ji a jikinsa, fasinja ma haka.

Babur mai caji ba ya shan fetur. Ba shi da fulogi, kafireta ko salansa, ba a juye masa baƙin mai, kuma ba ya busa wa na baya hayaƙi. Sai dai batirinsa na da tsada, cajinsa na ɗaukar awanni, shirunsa kuma na buƙatar direba ya riƙa danna oda a cikin cunkoson kasuwa.

Babbar tambayar ita ce: a ina za a yi cajin, tunda wutar lantarki ba ta tsayawa? Wasu sun samo mafita. A Kigali ta Ruwanda, kamfanin Ampersand ya buɗe tashoshin musaya, inda direba ke ajiye batirin da ya ƙare ya karɓi cikakke cikin 'yan mintuna. A ƙauyen Gbamu-Gbamu na jihar Ogun, kamfanin MAX ya gwada babura masu caji da wutar sola. A Maiduguri kuwa, Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan motocin bas masu amfani da lantarki.

Rana dai muna da ita. Abin da ya rage shi ne tashar musaya mai farantan sola a Hunƙuyi ko tashar Ikara, da matasan da suka iya gyaran batir. Ɗan'uwa ɗalibi, idan darasin lantarki na ba ka barci a aji, gara ka wartsake. Duk ranar da baburan nan suka iso, wanda ya san cikinsu za a fara nema.