Jariran Da Aka Haifa Da Ƙanjamau: Amfanin Fara Magani Da Wuri A Jos

Al'ada ce sananniya ga mutanen Arewa mazauna Kudu, idan cikin mace ya tsufa, musamman cikin fari, sai miji ya sa ta a mota ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Daga Agege da Mile 12 a Legas, da Sabo a Ibadan, da Shagamu, mata da yawa sukan nufi Jos, su haihu a Gangare ko Anguwan Rogo ko Bukuru, su yi wankan jego, in an yi arba'in a mayar da su ɗakinsu. To, ga matar da ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, waɗannan makonnin su ne mafi muhimmanci a rayuwar jaririnta.

Dalili kuwa shi ne cutar ba ta yi wa jariri jinkirin da takan yi wa babba. Babba yana iya yin shekaru da ita bai kwanta ba. Amma likitoci sun gano cewa idan ba a ba da magani ba, kamar kashi ɗaya cikin uku na jariran da suka kamu sukan rasu kafin su cika shekara ɗaya, rabinsu kuma kafin shekara biyu. Jariri kan ɗauka daga uwarsa ne, ko yana ciki, ko wajen haihuwa, ko ta hanyar nono. Idan ba a yi kome ba, tsakanin 15 zuwa 45 cikin ɗari na 'ya'yan irin waɗannan mata sukan kamu. Idan kuwa uwa tana shan maganinta yadda ya kamata, abin yakan koma ƙasa da 5 cikin ɗari.

A da, likitoci sukan dakata sai sun ga alamar ciwo a jikin yaro sa'an nan su fara ba shi magani. Wani bincike da aka yi a Soweto da Cape Town a ƙasar Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 2008, shi ya kawar da wannan tsari. An bi jarirai 377 'yan mako 6 zuwa 12 da haihuwa. Waɗanda aka fara ba su magani nan take, mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 76 cikin ɗari. A shekarar nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara wa duk jaririn da ya kamu magani ba tare da jiran alama ba, a 2015 kuma ta ce a yi wa kowa haka, yaro da babba.

Jos tana cikin garuruwan da suka daɗe a wannan aiki. A 1986 aka fara ba da rahoton cutar a Nijeriya. A shekarar 2000 aka kafa shirin APIN da kuɗin Gidauniyar Bill da Melinda Gates tare da Jami'ar Harvard ta Amurka, Jihar Filato kuwa tana cikin jihohin da aka fara da su, tare da Legas da Oyo. Daga 2004 tallafin gwamnatin Amurka da ake kira PEPFAR ya shigo, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, watau JUTH, ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ba da maganin a ƙasar nan. Har ila yau akwai asibitin Faith Alive wanda Dokta Chris Isichei ya kafa a 1996. Tun 2006 Gwamnatin Tarayya ta mai da maganin kyauta a cibiyoyinta.

Ga yadda aikin yake. Da zarar an haihu, akan fara ɗiga wa jariri maganin kariya na ruwa a baki. In ya kai mako 6 sai a tsaga dunduniyarsa kaɗan, a ɗiga jini a kan wata takarda ta musamman, a busar, a aika ɗakin awo don gwajin da ake kira PCR. Gwajin manya na nan take ba ya raba gardama a kan jariri, domin alamun garkuwar jikin uwa sukan zauna a jininsa har wajen wata 18. In awo ya nuna ya kamu, ba a jira. Tun 2021 Nijeriya ta karɓi ƙwayar dolutegravir ta yara, mai narkewa cikin ruwa, wadda ake ba jaririn da ya kai mako 4 da nauyin kilo 3. Uwa kuma takan ci gaba da shan nata, ta ba shi nono zalla wata 6.

A nan ne mazauna Kudu ya kamata su lura. Mako 6 kwana 42 ke nan, watau daidai lokacin da mai jego ke ɗaure kayanta bayan arba'in. Wata za ta taho ba a ɗibi jinin ba. Wata an ɗiba, amma sakamako zai fito ta riga ta sauka a Legas. Maganin wannan ba wuya: a yi gwajin kafin a shiga mota, a bar wa asibiti lambar wayar da za a same ta, a karɓi takardar sauyin asibiti da maganin da zai kai ta, da isowa kuma a nufi asibitin gwamnati mafi kusa.

Kada kuma a ga yaro ya yi ɓul-ɓul a ce ya warke. A Jihar Misisipi ta Amurka an haifi wata yarinya a 2010, aka fara ba ta magani tana da awa 30 a duniya. Da ta kai wata 18 aka daina, aka yi wata 27 ba a ga ƙwayar a jininta ba, har aka yi zaton ta rabu da ita. A 2014 sai ga ta ta dawo. Magani yana danne ƙwayar ne, ba ya kashe ta.

Babban nauyi yana wuyan maigida. Mata da yawa sukan ɓoye sakamakonsu don tsoron saki ko tsegumin dangi, a gidan iyaye kuwa, inda kaka da gwaggo ke zagaye da mai jego, ba jariri magani a ɓoye abu ne mai wuya. Tun 2014 akwai dokar ƙasa da ta hana tsangwamar masu wannan cuta, amma doka ba ta shiga ɗaki. Mijin da ya raka matarsa awon ciki, shi ma aka auna shi, ya kuma riƙe ranar mako 6 kamar yadda yake riƙe ranar suna, ya yi wa ɗansa gata. Da sanyin safiya ake kama fara.