Mafarin Hikimar Mawaƙi: Gani da Ji da Al'ada a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin baka sun daɗe suna tambayar mawaƙa daga ina waƙa take zo musu. Amsar da aka saba ji iri biyu ce. Mawaƙi yakan ce baiwa ce daga Allah, ya ja bakinsa ya yi shiru. Jama'ar gari kuwa sukan ce ai wane yana da aljannu, ko kuwa an haɗa masa wani asiri ya sha. Amsar farko gaskiya ce, sai dai ba ta bayyana yadda aikin yake gudana ba. Ta biyu kuwa tana toshe hanyar nazari, domin abin da aka jingina wa iskoki ba ya koyuwa, balle a koyar da shi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa baiwa tana da abin da take ci ta rayu, wato abin da mawaƙi yake gani da idonsa, da abin da yake ji daga bakin mutane, da kuma al'adar da ya tashi a cikinta. An zaɓi kudancin ƙasar Katsina domin a nan ne Alhaji Mamman Shata (1923-1999) ya yi mafi yawan rayuwarsa, kuma shi ne mawaƙin da aka fi yi wa zancen aljannu saboda yadda yake ƙaga waƙa nan take.

2.0 Ƙasar da Mutanenta

Yankin da ya haɗa Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Faskari da Ɗandume shi ne masana tarihi suke kira Katsina-Laka, saboda ƙasarsa mai laka ce, ta kuma fi ta arewacin Katsina samun ruwan sama. Ana noma dawa da masara da rake da tumatir, amma auduga ce ta fitar da sunan yankin a zamanin Turawa. Ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Ingila, wadda aka kafa a 1902, ta gina gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa ta Funtuwa, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Bugu da ƙari, hanyoyin mota na Zariya da Sakkwato da Katsina a Funtuwa suka haɗu. A 1975 kuma aka soma shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe.

Abin lura a nan shi ne irin mutanen da waɗannan abubuwa suka tara wuri ɗaya: manoma, da malaman auduga, da 'yan baranda, da 'yan dako, da direbobi da yaransu, da 'yan kamasho, da 'yan ci-rani, da baƙi daga kudancin Nijeriya. Kowane rukuni yana da nasa salon magana, da nasa abin alfahari, da nasa abin kuka. A cikin wannan taro Shata ya zauna. An haife shi a Musawa, ya koma Bakori a ƙarƙashin ubangidansa Abdullahi Inde, wanda yake aikin sayen auduga da gyaɗa, sa'an nan a 1960 ya tare a Funtuwa, inda ya yi kusan shekara 40.

3.0 Gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji, sun kuma ce na zaune bai ga gari ba. Kafin Shata ya riƙi waƙa sana'a ya yi tallar goro da alewa. Mai talla kuwa dole ne ya karanci fuskar mutane: ya san wanda zai saya, da wanda zai taya ya wuce, da wanda yake neman bashi. Dole ne kuma ya sami kalmar da za ta tsayar da mai wucewa. Wannan horo ne na ido da na harshe, kuma shi ne horon da mawaƙi yake bukata idan ya tsaya gaban taro.

Akwai bambanci tsakanin kallo da lura. Alal misali, mutum ɗari suna iya tsayawa a kasuwar auduga ranar awo, su ga manomi ya kawo kayansa, an buɗe an duba, an ba su lamba, an ɗora a sikeli. Mai kallo abin da zai ce shi ne an sayi auduga. Mai lura zai ga yadda manomin yake bin hannun malamin awo da ido, da yadda mai bin sa bashi ya rakuɓe a gefe yana jira, da yadda kuɗin wahalar damina ɗaya suke iya ƙarewa kafin a kai gida. Daga nan ya sami abin yabo, da abin gargaɗi, da abin zambo, ya kuma sami ma'aunin da zai gwada darajar mutane da shi, tun da yake duk wanda ke wurin ya san ratar da ke tsakanin lamba ɗaya da lamba uku.

Wannan ne ya sa waɗanda Shata ya waƙe ba su tsaya ga sarakuna da attajirai ba. Ya yi wa direbobi waƙoƙi da dama, kuma ba abin mamaki ba ne ga mutumin da yake zaune a mararrabar hanyoyi, yana ganin manyan motoci suna lodi suna tashi dare da rana. Haka Ɗanmaraya Jos ya dubi yaron mota, wanda kowa yake gani ba wanda ya damu da shi, ya yi masa waƙar Karen Mota. A duka biyun, abin da aka waƙe yana gaban kowa tuntuni.

4.0 Ji

Kunne, in ji masu iya magana, ya girmi kaka. Hanya ta biyu da mawaƙi yake tara kayan aiki ita ce hira: a tasha, a teburin mai shayi, a majalisar ƙofar gida, a rumfar mahauta, a wurin biki ko zaman makoki. Abubuwa uku yake ɗauka daga nan.

Na farko labari. Kafin a yi wa mutum waƙa sai an san iyayensa da kakanninsa, da garinsu, da abokansa, da abin da ya yi wanda ake faɗi, da wanda magabtansa suke faɗi. Sanƙira da maroƙa da makaɗan ƙungiya duk suna taya mawaƙi tsintar irin waɗannan labarai. Ke nan abin da jama'a suke ji kamar ya faɗo daga sama, an daɗe ana tara shi.

Na biyu kalma. Kowace sana'a tana da kalmominta, kuma mutum yakan ji daɗi idan an yabe shi da harshen sana'arsa. Direba yana so a ambaci giya da birki da lodi, manomi yana so a ambaci huɗa da maimai da dami.

Na uku kari, wato hawa da saukar murya. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuwa ganga ce da ake matsa tsirkiyarta ta bi muryar mai magana. Saboda haka jimlar da aka ji a bakin wani, in ta zo da kari mai daɗi, tana iya zama amshin waƙa ba tare da an sauya mata komai ba.

Muhimmancin ji ya fito fili idan aka tuna da Aliyu Namangi na Zariya, wanda makaho ne, amma ya wallafa Waƙar Keke. Haka kuma a 1969, da Amurkawa suka sauka a kan wata, labarin ya iso ƙasar Hausa ta rediyo, ya shiga hirar tasha da kasuwa, Shata ya mayar da shi waƙar Kumbo Apollo. Abin da ya faru a nesa ya zama na gida ne bayan ya ratsa bakin jama'a.

5.0 Al'ada

Gani da ji suna kawo kayan aiki, amma al'ada ce take ba da mazubi. Yaron da ya tashi a karkarar Malumfashi ko Bakori a farkon ƙarni na 20 ya ji waƙar daka da ta niƙa a cikin gida, ya ji gangar noma da kirarin gwanaye a wurin gayya, ya ji tatsuniya da kacici-kacici da dare, ya halarci dandali da kaka. Ya ga yadda kishiyoyi suke habaici ba tare da kama suna ba, da yadda wasan barkwanci, irin na Katsinawa da Nufawa, yake halatta faɗar abin da in ba don wasa ba sai a yi faɗa. Shata kansa daga waƙoƙin asauwara na samari ya faro, kuma bai gaji waƙa ba, har ma mahaifinsa bai so ya yi ta ba.

Zaɓin kayan kiɗa ma yana da nasa tasiri. Taushi da kotso da jauje kayan kiɗan fada ne, mai riƙe da su yana da ubangida da iyakar abin da zai faɗa. Kalangu kuwa na mahauta ne da 'yanmata, wato na kasuwa da dandali. Mawaƙin kalangu yana da damar ya waƙe sarki yau, gobe ya waƙe direba, jibi ya yi gargaɗi ga jama'a, kamar yadda Shata ya yi.

A nan ne sirrin ƙaga waƙa nan take yake. Ɗandatti Abdulƙadir, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, ya nazarci Shata a matsayin mawaƙin baka, kuma irin wannan nazari ya nuna cewa mawaƙi yana da taskar sassan magana da ya saba da su, yana jera su yana sauya su gwargwadon wuri da mutumin da ake yi wa waƙa. Yayin da 'yan amshi suke maimaita gindin waƙa, shi yana duban taro yana shirya ɗiya na gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya: abin da ya fito cikin daƙiƙa kaɗan, tarin shekaru ne.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa hikimar mawaƙi tana samuwa ne daga lura da abin da ke gabansa, da sauraron mutane, da ƙwarewa a mazuban da al'ada ta tanada. Wannan bai kore baiwa ba, domin dubban mutane sun zauna a Funtuwa tare da Shata ba su zama Shata ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ta ba shi digirin girmamawa a 1988 ta shaida cewa abin da ya tara ilmi ne, ko da yake ba a aji ya same shi ba.

Akwai darasi a nan ga malaman Hausa. Sau da yawa akan umurci ɗalibi ya rubuta waƙa ko ƙagaggen labari, ya koma ya kwaikwayi littafin da ya karanta ko fim ɗin da ya kalla, alhali ya bi ta kasuwar hatsi ta Ɗandume bai tsaya ba. Ya kamata a riƙa tura ɗalibai kasuwa da tasha da gona, su rubuto abin da suka gani da kalmomin da suka ji, kafin a nemi su ƙaga wani abu. Daɗin daɗawa, gayya da dandali sun ja baya, rashin tsaro kuma ya tarwatsa ƙauyuka da dama a ƙasashen Faskari da Sabuwa da Ɗandume. Tsofaffin da suka san kirarin noma da waƙoƙin daka da kalmomin kasuwar auduga suna ƙarewa. Wajibi ne manazarta su hanzarta ɗaukar abin da ya rage daga bakinsu, su adana shi.