Ɗan Jan Ƙwaro Mai Gadin Gona

Yau muna tafe da labarin wani ɗan ƙwaro ja, wanda masana ke kira Coccinella septempunctata. Tsawonsa bai wuce milimita 8 ba, kamar ɓarin ƙwayar wake da aka kifa. Ɗigo bakwai baƙaƙe gare shi: uku a kowane fiffike, na bakwai a inda fikafikan suka haɗu. Jan nan gargaɗi ne, domin tsuntsu na taɓa shi sai ya tsiyayo da ruwa rawaya mai ɗaci daga gaɓoɓin ƙafafunsa. Ya fi yawa a Turai da Asiya, amma danginsa na nan a gonakin wakenmu.

Abincinsa darɓa, kuma a nan ne nake ganin manomi ke cutar kansa. Macen tana saka ƙwai rawaya a ƙarƙashin ganye, dab da darɓa. Tsutsar da ke fitowa baƙa ce mai tabon ruwan lemo, ba ta kama da uwarta ko kaɗan, tana kuma cinye ɗaruruwan darɓa kafin ta rikiɗe. Sai manomi ya gan ta, ya ɗauke ta maɓarnaciya, ya saɓi famfon feshi.

To ku ji abin da ya faru a Kalifoniya ta Amurka. Wani ƙwaro mai tsotsar ruwan bishiya ya kusa gamawa da gonakin lemo. A 1888 aka tura wani masani mai suna Albert Koebele har Ostareliya, ya aiko da wani ɗan'uwan ƙwaronmu, Rodolia cardinalis, mai cin wancan maɓarnacin. Cikin shekara biyu kacal, gonakin suka farfaɗo. Shekara biyu, jama'a! Bayan yaƙin duniya na biyu da aka shiga fesa maganin ƙwari na DDT, maganin ya kashe mai gadin, annobar ta dawo.

Wani zai ce ai akwai danginsa masu cin ganyen kabewa da kankana. Gaskiya ne, ana kiransu Epilachna, amma bayansu dishi-dishi yake da ɗan gashi, ba ya sheƙi. Wani kuma zai ce darɓa kan fi ƙarfin ƙwaron. Wannan ma yana faruwa, shi ya sa nake cewa a ɗaga ganye a duba tukuna: in tsutsar na nan da yawa, a jinkirta feshin.