Abin da Ke Sa Faifai Ya Ƙi Yi a Na'ura

Faifan da ake naɗa a gida daban yake da wanda kamfani ya buga. Na kamfani da injin matsi ake fitar da shi, ramukan bayanansa a jikin robar suke. Shi kuwa CD-R ko DVD-R, wani siririn rini ne shimfiɗe a cikinsa, wanda hasken lesa ke ƙonawa ɗigo-ɗigo. In ya ƙonu ya ƙonu, babu gogewa. Mai alamar RW ne ake gogewa a sake zubawa, sai dai ba ya mayar da haske sosai, shi ya sa tsofaffin na'urori kan yi kamar ba a sa musu komai ba.

CD na ɗaukar megabait 700, wato waƙa ta minti 80. DVD na ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu kuma 8.5. Rikicin yana wajen alamar ragi da ta ƙari. Kamfanin Pioneer ne ya fito da DVD-R a 1997, sannan su Philips da Sony suka zo da DVD+R a 2002. Na'urorin baya-bayan nan suna karanta duka biyun, amma mai tsohuwar na'ura gara ya sayi mai alamar ragi.

Lambar da ke jikin faifai, kamar 16x ko 52x, iyakar gudun da zai jure ce, ba dole ne a kai ta ba. A CD, 1x na nufin kilobait 150 a daƙiƙa. 1x na DVD ya ninka haka kusan sau tara. A 16x ana cika DVD cikin minti shida ko kusa da haka, amma in faifan na araha ne, ɗigon ba ya fita sarai, sai fim ya kai tsakiya ya riƙa cijewa. Naɗawa a 4x ko 8x ta fi aminci, musamman ga abin da ake son ajiyewa, irin bidiyon biki. Rana da zafin cikin mota ma suna lalata rinin.

Sau da yawa kuwa faifan lafiyarsa ƙalau, tsarin zubin ne bai dace ba. Kwafe fayil daga kwamfuta ba ya mayar da shi faifan bidiyo. Na'urori da yawa ba sa karanta shi sai an tsara shi a matsayin DVD na bidiyo ko VCD, tsarin da finafinan Hausa suka daɗe a kansa bayan zamanin kaset. Haka waƙar MP3 ba ta yi a rediyon mota da CD na sauti kaɗai ya sani. Nijeriya na kan tsarin PAL, Amurka na kan NTSC, don haka faifan da aka aiko daga can kan fito ba kala a tsohuwar talabijin. Sannan dole ne a rufe faifai a ƙarshen naɗi, in ba haka ba galibi injin da ya naɗa shi ne kawai zai buɗe shi.