Idan Sitiyarin Lantarki Ya Yi Nauyi, a Fara da Batir

Ranar Lahadi idan kasuwar Dambatta ta cika, ko Juma'a a Bichi, har yanzu Golf da Sharan ne ke jigilar mutane da buhunan gero. Amma duk wanda ya lura zai ga wasu motoci sun fara kutsowa tsakaninsu: Corolla ƙirar 2009 zuwa sama, Vibe da Matrix na zamaninta, Elantra, Camry ƙirar 2012. Malaman makaranta ne ke da su, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, da 'yan kasuwar da ke kai hatsi Dawanau. Idan ka buɗe bonet ɗinsu ba za ka ga robar man sitiyari ba, domin da lantarki sitiyarin ke aiki. Yawancin kanikawanmu kuwa a kan na mai suka koyi sana'a.

A tsohon tsari, inji ke juya famfo ta hanyar bel, famfo ya tura mai, man ya taimaka wa direba. Idan ya lalace ido yana gani: mai na ɗiga a ƙasa, famfo na kuka. A sabon tsari, wata ƙaramar mota ce ta lantarki ke maƙale a jikin sandar sitiyari ƙarƙashin dashbod, ko kuma a ƙasa tsakanin tayoyin gaba. Akwai na'urar da ke jin ƙarfin da hannun direba ya sa, tana aika wa kwamfutar sitiyari. Kwamfutar ta duba gudun da ake yi, sannan ta yanke yawan taimakon da za a bayar: mai yawa wajen fakin, kaɗan a kan babban titi. Kamfanin Suzuki na Japan ne ya fara sa shi a motar kasuwa a 1988, kuma ya yaɗu saboda ba ya ɗora wa inji nauyi, don haka yana rage shan fetur.

Abin da nake so mai mota ya riƙe shi ne, wannan sitiyari mayen wuta ne. Fiyus ɗinsa kan kai amfiya 60 zuwa 80 a motoci da yawa. Da zarar wutar da ke isa gare shi ta yi ƙasa, kwamfutar za ta rage taimako ko ta janye shi gaba ɗaya, fitila mai hoton sitiyari ta kama a dashbod. Direba ya ji sitiyari ya ƙage, hankalinsa ya tashi, a ce masa sai an je kasuwar Ƙofar Ruwa an sayo wani ɗungurungum. Sau da yawa kuwa sitiyarin lafiyarsa ƙalau. Batir ne ya gaji, wanda zafin bazara ke saurin cinye shi a wannan yanki, ko altaneta ba ta caji sosai.

Mitar da ke hannun kowane mai wayarin ta isa ta warware wannan. Mota a kashe, batir mai lafiya zai nuna 12.4 zuwa 12.6. An tayar da inji, ya kamata a ga 13.5 zuwa 14.5. Sai a kunna fitilu, wani ya murza sitiyari, a zuba wa mitar ido. Idan lambar ta faɗi warwas, an kama ɓarawo. A kuma duba kan batir da kyau. Za ka tarar da farin gari ya taru a kansa, ko ya yi sako-sako an cusa ƙusa ko guntun waya don ya kama. Mota za ta iya tashi a haka, amma gargadar hanyar burji tsakanin ƙauyukan Makoɗa da Kunchi tana girgiza shi, wuta ta riƙa yankewa, sitiyari ya yi nauyi yanzu, an jima ya saki. Haka ma wayar da ta haɗa batir da bodin mota idan ta yi tsatsa.

Akwai kuma ɓera. Motar da ke ɗaukar hatsi, ta kwana kusa da rumbu, ba ta rasa baƙi, kuma siraran wayoyi suke ci.

Wani nauyin ma ba lalacewa ba ne. Idan mota ta kafe a yashi ko taɓon damina, direba ya yi ta murza sitiyari daga wannan ƙarshe zuwa wancan, motar lantarkin takan yi zafi, kwamfutar ta rage mata aiki don kada ta ƙone. A bar ta ta huce na ɗan lokaci, za ta dawo daidai. Idan kuma nauyin na kullum ne ba tare da fitila ta kama ba, a fara zuwa wajen mai faci a auna iskar taya, sannan a ɗaga gaban mota a duba tayarod da boljoyin. Idan robar da ta rufe ƙarfen sitiyari na ƙasa ta yage, ƙura da ruwa suna shiga su cinye shi. Masu Elantra da Sonata da ke jin ƙwas-ƙwas idan sun juya sitiyari, galibi wata 'yar roba ce mai siffar tauraro a cikin motar lantarkin ta narke. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, aikin kwancewar ne kawai ke son mai haƙuri.

Sai an wuce duk waɗannan ne ake maganar sa mota a kwamfuta. Ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai rami 16, wanda doka ta wajabta a kan motocin Amurka tun 1996. Sai dai ƙananan na'urorin nan masu arha inji kawai suke karantawa, su ce babu matsala alhali fitilar sitiyari na ci. Ana buƙatar wadda ke shiga kwamfutar sitiyari. Lambar matsalar da ta fito daga can, idan ta fara da harafin C, tana nuni ga sitiyarin ko na'urorinsa, wadda ta fara da U kuma tana nufin saƙo ya yanke tsakanin kwamfutocin motar. Idan fitilar ABS ta kama tare da ta sitiyari, a duba na'urar auna gudu da ke jikin taya, domin daga can sitiyari ke samun labarin gudu. Goge lamba a kashe fitila ba gyara ba ne. Kuma ko an canja sitiyarin, ko an yi alaimen, motoci da yawa sai an sake saita tsakiyar sitiyari da na'ura, in ba haka ba mota ta riƙa ja gefe guda.

Idan taimakon ya ɗauke ana cikin tafiya, sitiyari bai rabu da taya ba. Zai juya, sai dai da ƙarfin damtse. A riƙe da hannu biyu, a rage gudu, a sauka gefe. Hanyoyinmu ta tsakiyar gari suke ratsawa, ga 'yan makaranta, ga babura, ga amalanken shanu, don haka lallaɓa irin wannan mota har mako guda ganganci ne da ran mutane.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA a Dambatta, Bichi, Minjibir da Tsanyawa da su haɗa kuɗi su sayi na'ura mai kyau ko da guda ɗaya a kowane gari, su tura yaransu masu karatu su koyi aiki da ita. Kai kuma mai mota, kada ka yarda a kwance maka sitiyari sai ka ga an ɗora mita a kan batir da idonka.