Masu Sassaƙa Takalmin Ƙanƙara Da Hannunsu A Tsaunukan Altai

Mai karatu, in a ka yi zancen sanyi yawancinmu hunturun Jos mu kan tuna. To, akwai inda sanyi ya wuce nan nesa ba kusa ba. A arewacin lardin Shinjiyang na ƙasar Sin, wajen iyakar Rasha da Mongoliya da Kazakistan, akwai tsaunuka da a ke kira Altai. A can dusar ƙanƙara ta kan rufe ƙasa wata biyar ko fiye, zurfinta ya kai wa mutum ƙugu, wani wuri har ƙirji. Doki ma da ƙarfinsa ya kan kafe a ciki.

Mutanen wurin, watau Tuba da Kazak da Mongol, makiyaya ne da maharba. Da ya ke zama a ɗaka ba ya kawo itacen wuta, balle nama, tun kaka da kakanni su ka san dabarar tafiya a bisa dusar nan ba tare da nutsewa ba. Dabarar ita ce katako biyu dogaye masu faɗi, waɗanda mutum ya ke ɗaura wa ƙafafunsa, nauyinsa ya bazu, ya riƙa zamiya a kai. Turawa ma suna da irinsa, amma nasu na wasa ne, a kanti a ke saye. Na mutanen Altai kuwa magidanci ne da kansa ya ke sassaƙawa a tsakar gidansa.

Ga yadda aikin ya ke. Da fari sai ya shiga daji ya zaɓi miƙaƙƙen itace marar nauyi, ya sare, ya tsaga. Sa'an nan ya zauna da gatari ya yi ta sassaƙa har ya fitar da allo biyu daidai wa daida, kowane ya kusa ƙafa shida ko ya ɗara, gwargwadon tsawon mai shi. In ɗaya ya fi ɗaya nauyi, to mai shi ne zai ji a jikinsa ranar tafiya.

Wuri mai wuya shi ne lanƙwasa goshin allon ya dubi sama, don kada ya soke cikin dusa ya ka da mutum. A kan jiƙa goshin da ruwan zafi, a gasa shi a bakin wuta, a tanƙwara a hankali, a ɗaure shi a haka sai ya bushe. Mai gaggawa katakon ya kan tsage masa, aikin kwanaki ya tashi a banza. Bayan wannan sai a ƙona tsinken ƙarfe a huda ramuka a tsakiya, a zura ƙiri wanda zai kama ƙafa.

Amma asirin duka yana ga fatar doki. Fatar ƙafar doki su ke nema, don gashinta gajere ne mai tauri. A harhaɗa ta, a shimfiɗa a ƙarƙashin katakon tun daga goshi har gindi, a kafe da ƙananan ƙusoshi, gashin yana kwance yana duban baya. Shafa wuyan doki ka gani: in ka bi kwanciyar gashi hannunka sulɓewa ya ke yi, in ka komo baya sai ya cije. Haka abin ya ke a kan dusa. Wajen gangara katakon ya yi ta gudu, wajen hawan tudu kuwa gashin ya tashi ya kama, mutum ba ya zamewa baya. Sanda guda ɗaya tak su ke riƙewa, doguwa, suna jan ta a baya, ita ce birki, ita ce sitiyari.

Da wannan takalmi maharban da su ke bin wata irin ƙatuwar barewa mai rassan ƙaho. Ita tana nutsewa, su suna bisa, har ta gaji su jefa mata igiya. Ka ga ke nan wanda ƙirinsa ya tsinke a tsakiyar daji, tafiyar yini daga gida, in bai iya gyara da hannunsa ba, ransa ne a bakin.

Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. A wani kogo kusa da birnin Altai akwai zanen mutanen da a jikin dutse, wanda a ke ce maharba ne a kan irin wannan katako. Saboda haka a 2006 hukumomin wurin su ka yi shelar cewa a ƙasarsu a ka fara wannan tafiya. Masana na waje ba su sallama ba, don a Rasha an tono guntayen katakon zamiya masu shekara wajen 8,000, a Suwidin kuma a 1924 an tsinci waɗansu cikin fadama da su ka haura shekara 5,000.

Ko wa ya riga, abin dubawa shi ne a Altai ne sana'ar ta rayu har zamaninmu. Sai dai tana tangaɗi. Gwamnati ta hana farauta a dazuzzukan, an yi hanyoyin mota, an gina manyan filayen wasan ƙanƙara don baƙi masu yawon buɗe ido. Samari da yawa yanzu takalmin kamfani su ke hawa, waɗansu ma koyar da baƙi su ke yi a biya su, wanda ya fi sassaƙa kawo kuɗi. Na fatar doki ya koma abin fitarwa ranar gasar gargajiya, ko abin sayar wa baƙi su rataye a bango.

Har yanzu a ƙauyuka irin su Hemu akwai dattawan da su ka san itacen da ya dace da yadda a ke gasa shi. Ilmin nan kuwa a hannu ya ke, ɗa ya kan koya ne yana tsugune kusa da ubansa. In yaran ba su tsuguna ba, ranar da dattawan su ka kau sai a nemi mai lanƙwasa goshin katako a rasa.